Wadda Ta Fara Kifewa

Wata biyar da rasuwar mijina Molefi, 'yarmu Lebo ta ce za ta shiga tseren ƙarshen shekara da motarsa, a filin kulob ɗinmu na bayan garin Benoni. Motar ba ta fi tsawon hannuna ba, shuɗiya ce, tana shan mai, da rimot ake tuƙa ta. Ni ban so zuwa ba. Na je ne don kada ta je ita kaɗai. A bana sunan Molefi aka rubuta a jikin kofin, kuma ukun farko na kowane rukuni ne kawai za su kai tseren kofin. Lebo ba ta da wata magana sai wannan.

Dokar filin ita ce, duk wanda ya gama tserensa sai ya sauko daga dakalin direbobi ya tsaya gefen hanya, yana tayar wa rukuni na gaba motocin da suka kife. Shekara biyun ƙarshe ƙirjin Molefi ya hana shi gudu, ni nake tsaya masa. Shi ya koya min aikin: takalmi rufaffe, safar hannu, a duba abin da ke tahowa kafin a sa ƙafa, don motar nan tana karya idon sawu. Ba a taɓa mota tayarta na juyawa. Kuma wadda ta fara kifewa ita ake fara ɗagawa, ko ta wace ce.

Ina zaune a inuwa sai ga Oom Hennie, tsohon da suka kafa kulob ɗin tare da mijina, yana ɗingishi. Oom muke ce masa, wato kawu, shi kuma yana ce min Mma Lebo, wato Maman Lebo.

"Mma Lebo, gwiwar nan ta ƙi ni yau. Ki tsaya min gefen hanya a lamba huɗu, in saya miki burodi da nama."

"Oom, 'yata na cikin wannan rukunin."

"To sai me? Ni in na durƙusa sai an kawo motar janwe ta ɗaga ni."

Ba ni da ƙarfin gardama. Na karɓi rigar masu tayar da motoci, mai ruwan ɗorawa, na je na tsaya bayan tudun tsalle. Rana ta yi zafi, ga hayaƙin mai, warin da kullum ke jikin rigunan Molefi.

Saura minti ɗaya da rabi a gama, Lebo tana ta uku. Koriyar motar Pravesh, wanda ke gabanta, ta sauka a karkace ta kife can tsakiyar hanya. Ban kai ga motsawa ba shuɗiyar ta bugi bututun gefe, ta kife kusa da ƙafata. Daga saman dakalin direbobi na ji muryar Lebo.

"Mma! Mma, ga ta nan!"

Na bari motoci biyu suka wuce, na tsallake shuɗiyar, na nufi koriyar. Pravesh bai saki totur ba, tayoyin na ta juyawa a sama. Na ɗaga hannu ina jira, har wani ya daka masa tsawa, "Saki mana, kai!" Na kama ta ta baya, na mayar da ita kan hanya. Da na dawo kan ta Molefi, injin ya mutu. Haka suke in sun daɗe a kife. Na ɗauke ta na miƙa wa makanike, zafinta na ratsa safar hannuna. Lebo ta zo ta bakwai.

Ta same ni a bakin famfo ina wanke hannu.

"A gabanki take, Mma. Miƙa hannu kawai za ki yi."

"Tasa ce ta fara faɗuwa."

"Wa zai ce wani abu? Motar Baba ce fa."

"Na sani, Lebo. Ni nake goge ta."

Ta juya ta tafi ta zauna a cikin a-kori-kurarmu ta rufe ƙofa. Oom Hennie ya kawo burodin, na riƙe shi har ya huce. Da yamma suka ce ni zan miƙa kofin, na miƙa wa wani mutumin garin Springs da ban san sunansa ba, aka tafa.

Har yau ba mu sake maganar ba. Tana kawo min cefane ranar Asabar, ta tambayi ƙafata, ta sha shayi a tsaye, ta tafi.