Bokiti a Ƙarƙashin Teburin Labarai

Shekara ashirin da uku tana karanta labaran ƙarfe goma sha biyu a gidan rediyon, har sunanta na yanka ya ɓace, kowa sai Anti Sha Biyu. Ɗakin watsa labaran kuwa wanda ya gina shi bai san Allah ya halicci iska ba. Babu taga, bango duk soso, kuma da jar fitila ta kama dole a kashe fanka da tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki, don makirfo na kwasar ƙararsu.

Da can ko a jikinta. Amma bana al'ada ta ɗauke mata, zafin bazara kuma ya zo da nasa rashin mutuncin. Tana tsakiyar labari sai ta ji wuta ta taso daga ƙirji, ta haye wuya, ta mamaye fuska kamar an buɗe mata tukunya. Ga sabon Manaja, matashi mai son gyara abin da bai lalace ba, ya riga ya fara maganar kawo "sabbin muryoyi". Tsoro take ji ƙwarai kada ya gane, ya ce ta tsufa, ya karɓe mata sha biyun.

Ran Litinin ta shigo da bokitin ruwa da ƙanƙara cikin babbar jaka, ta tura ƙarƙashin tebur. Wutar na tasowa ta zare takalma ta tsoma ƙafafu. Wayyo daɗi! Ranar har labarin tsadar taki sai da ta karanta da fara'a.

Sai dai Manaja a ofis yake zama da abin sauraro a kunne. Ana gamawa ya faɗo wa Injiniya, dattijon da ke kula da sauti a bayan gilashi.

"Malam Injiniya, mene ne ke yin ƙwal-ƙwal a bayan muryar Anti?"

"Wataƙila waya ce, ranka ya daɗe."

Talata aka canza waya. Laraba aka canza makirfo. Alhamis Injiniya ya kwance na'ura guda ya hure ƙura ya mayar, fuskarsa kamar ta mai aikin gaske. Ƙwal-ƙwal na nan daram. Ita kuwa Anti ta yi kicin-kicin, har da taya su mamaki.

Ran Juma'a, saura minti goma ƙarfe sha biyu ta cika, ta ji Manaja a baranda yana ce wa Injiniya in ya kasa gano ƙara ɗaya cikin kwana biyar, to kunnensa ya gaji, gara ya je gida ya huta. Kunya ta rufe ta, irin wadda ta fi zafin jikin ciwo. Ta sunkuci bokitin ta fito ta dire shi a gabansu, ruwa ya fallatsa a takalmin Manaja.

"Ga ƙarar taka nan, ranka ya daɗe. Al'ada ce ta ɗauke mini, jikina ke ci da wuta. In akwai mai tafiya gida, ni ce."

Manaja ya dubi bokiti, ya dubi rufi, ya dubi takalminsa. Gumi ya karyo masa, har ta ji kamar ta ba shi aron bokitin.

"Anti... wato... saura minti huɗu," in ji shi da ƙyar. Ya sunkuya ya ɗauki bokitin da kansa, ya kai shi ƙarƙashin tebur, ya fita da sauri.

Ta zauna a kujerarta, wadda ta riga ta sallama a ranta. Ta tsoma ƙafafu, ta sa abin sauraro. Sai ga muryar Injiniya a kunnenta, can ƙasa-ƙasa.

"Anti, ƙafar hagu ce. Tun Litinin nake son in ce ki daina kaɗa babban yatsan."