Likkafani a Kan Gawon Hajaratu

Labarin ya iske Haula a Tahoua: wai wata ƙatuwar mujiya ta yi sheƙa a kan gawon gonar ƙanwarta Hajaratu, can wajen Kalfu, kuma da likkafanin matattu ta shimfiɗe ta. Wai har an sa ranar sare itacen. Haula ta shekara talatin tana koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ba ta taɓa jin mujiya ta ɗauki ko tsinke ba. Ta hau mota.

Da hantsi ta tarar da maza a gindin gawon. Illa, ƙanin marigayi mijin Hajaratu, yana wasa gatari. Hajaratu na gefe. 'Ya'yan gawon nan ne ke fitar mata da awaki daga rani, kuma a ƙarƙashinsa hatsinta ya fi yin kyau.

Can sama, tsuntsuwar na zaune ido a lumshe. Wani farin ƙyalle na lilo a bakin sheƙar.

Haula ta tambayi wanda ya ga kabari a tone. Babu. Wanda ya ga mujiyar ɗauke da ƙyallen? Kowa daga wani ya ji.

"Yaya, ku na boko komai sai kun taɓa," in ji Illa.

"To ba ni ƙugiya, in taɓa."

Ta sa aka ɗaura ƙugiyar kaɗo 'ya'yan gawo a jikin wata doguwar gora, ta yi ta fama har ta yago rabin ƙyallen. Ta shimfiɗa shi a ƙasa. A gefe guda akwai ɗinki da jan zare.

Hajaratu ta duƙa. "Illa, ba rawaninka ba ne da ya ɓace a shanya? Ni na ɗinke maka nan."

Illa ya ɗaga kai, ya daɗe yana kallon sauran rabin. Wani tsoho ya ce shi dai ya ji in tsuntsu ya yi sheƙa da tufan mutum, ranar da sheƙar ta faɗi, mai tufan ya shirya tafiya lahira.

Illa ya saɓa gatarinsa. Ya ce duk wanda ya taɓa gawon nan, ko reshe ɗaya, shi da shi ne.

Haula ta naɗe ƙyallen ta miƙa masa, bai karɓa ba.

Mujiya ba ta gina sheƙa, tsohuwa take samu ta shige. Shirwa ce ta gina wannan sheƙar bara, ita ce mai kwasar tsumma.