Burodin Huriya Ya Taɓa Ƙasa

Ɗauko burodi daga tanderun unguwarsu a garin Asnam aikin Huriya ne, kuma da shi kaɗai take yi wa ƙaninta Lahdar gori. Sai dai yarinyar akwai kalle-kalle. Makon jiya ta tsaya kallon faɗan kyanwoyi, burodi ya zame mata. Shi ya sa ranar Juma'ar nan mahaifiyarta Yamina ta ja mata kunne tun daga bakin ƙofa.

"Ya sake taɓa ƙasa, aikin ya koma hannun Lahdar."

"Inna, Lahdar fa ko majinarsa bai iya riƙewa ba."

"To ke riƙe tire."

Mai tanderu, Baffa Bilƙasim, ya jera mata burodin da zafinsa, ya aza mata a ka. Ta kamo hanya wuya a miƙe, ko kare ba ta kalla ba. Tana tsakiyar layi sai ƙasa ta yi ruri, kamar babbar mota na wucewa ta ƙarƙashinta. Hanya ta ɗaga, ta sauka, ta karkace. Huriya ta zauna daɓas, burodi ya watse, kowanne ya kama gabansa.

Abin da ya fara zo mata shi ne fuskar Lahdar yana dariya, haushi ya turnuƙe ta. Ta san dokar gidansu sarai: burodin da ya faɗi a ɗauke shi, a sumbace shi, a kai shi goshi, a ɗora shi wuri mai tudu. Ta rarrafa ta cafke ɗaya, ta yi masa duk wannan, ta ɗora kan katangar maƙwabta. Katangar ta kwanta. Ta sake ɗauka, ta sake sumbata, ta nufi tagar wanzami. Kafin ta isa babu tagar.

Wanzamin kansa, Si Tayyib, yana zaune a tsakiyar titi da aska a hannu, gefensa wani mutum da rabin gemu yana ta salati.

"Baffa, don Allah kar ka motsa," Huriya ta ce wa wanzamin. Ta tattaro burodin, ta jera masa a bisa rawani.

"Ke 'yar nan, duniya na tashi kina yi min ado?"

"Kai kaɗai ne ba ka faɗi ba."

"Ai na riga na faɗi, shi ya sa."

Saura guda ɗaya, can gaba cikin ƙura. Tana shirin zuwa sai ta hango mahaifiyarta a guje, ba mayafi, ba takalmi, tana kiran sunanta. Huriya ta miƙe da sauri tana haɗa hujja.

"Inna, wallahi ban kalli komai ba. Ni a tsaye nake, ƙasar ce ta ture ni. Tambayi Baffa."

Yamina ba ta tambayi kowa ba. Ta taka burodin nan da tafin ƙafarta, ta wuce ko waiwaye babu, ta zube ta rungume 'yarta tana laluben kanta da hannuwanta.

Huriya ta leƙa ta kafaɗar uwar, tana jiran ta koma ta ɗauka. Ba ta koma ba. Sai a lokacin tsoro ya kama yarinyar, ta fashe da kuka.