Aron Batura

Wutar ta ɗauke ne daidai lokacin da Bashira ta kai kofin shayi bakinta. Fankar sama ta yi ta rage gudu har ta tsaya. A lungun ɗakin, babbar kwamfutar da suke kira saba ta yi wani ɗan ƙara kamar an shaƙe ta, korayen fitilunta suka mutu gaba ɗaya.

Bashira ta ajiye kofin ba ta kurɓa ba. Ta san abin da saba take yi a wannan lokacin. Sabuwa, ma'aikaciyar jinya, tana can gaba tana shigar da bayanan masu jinyar safiya, a ciki kuma ana kan kwafe rumbun bayanan zuwa faifan ajiya. Idonta ya kai kan kantar ƙarfen da ke jikin bango, inda baturan sola suke zama a da. Babu komai a kai sai wayoyi masu kauri da ke lilo, bakinsu a naɗe da baƙar leda.

Cibiyar ta masu tarin fuka ce, a kan hanyar da ta tashi daga Bagudo ta nufi iyakar Benin. Wata ƙungiyar agaji ce ta gina ta, ta zuba kaya, ta miƙa wa kwamitin dattawan gari. Abin da ƙungiyar ta riƙe a hannunta shi ne magani. Kowane wata sai rahoto ya fito daga rumbun da Bashira ke kula da shi kafin a buɗe sito a Birnin Kebbi a aiko da kwalaye. Mutanen Kende da Sharabi da Matsinkai duk nan suke karɓa, haka Fulani da Dandawan da ke tsallako iyaka kan babura. Tun da kwamfuta ta zo aka daina cika katunan takarda. Abin da ke hannun kowane majinyaci ɗan katin roba ne mai lamba.

Sai gab da azahar wuta ta dawo. Saba ta tashi, amma rumbun ya ƙi buɗewa. Ya ce yana ƙoƙarin farfaɗowa, ya jima a haka, daga baya ya ce ya lalace. Bashira ta buɗe bayanan kuskure tana bi layi-layi. Wutar ta yanke ne ana tsakiyar rubutu, ta bar wasu shafuka rabi sabo rabi tsoho. Ta juya ga faifan ajiya, ta tarar da kwafin safiyar ya tsaya a rabi, kuma ya riga ya danne na jiya, domin faifan ƙarami ne, ba ya ɗaukar biyu. Kwafin da ake turawa ta intanet ya daina tafiya tun ranar da aka cire baturan, saboda na'urar turawar ta ƙone a ɗauke-ɗauken wuta na farko. Lafiyayyen kwafin da ya rage mata tun kafin faɗuwar damina ne.

Ba ta yi gaggawa ba. Ta fara kwafe lalatattun fayilolin zuwa ƙaramar kwamfutarta, don kada gyara ya ƙarasa abin da wuta ta bari. Ta gwada duk hanyoyin da aka koya mata, ta gwada waɗanda ta koya wa kanta. A ƙarshe umarni ɗaya ya rage, wanda ke gargaɗi tun kafin a danna shi cewa zai zubar da duk abin da ya kasa karantawa. Ta yi bismilla ta danna.

Rumbun ya buɗe. Jadawalin sunaye yana nan lafiya, na magunguna ma haka. Amma na ukun, wanda ke haɗa kowane mutum da maganinsa, da ranar da ya fara, da matakin da ya kai, ya koma kamar tabarmar da gara ta ci. Ga mutane, ga magani, amma ba a san wane na wa ba.

Sabuwa ta leƙo ta tambaya ko a sallami mutane. Daga rumfar waje Bashira tana jin tari iri-iri, na tsofaffi da na mata masu goyo. Ta ce a ba waɗanda aka tuna maganinsu da ka, sauran su dawo.

* * *

Cikin masu katin robar har da yayanta Arzika. Manomin shinkafa ne a fadamar bakin kogin Kwara, kuma bara tarin ya kwantar da shi har ba ya iya ɗaga buta. Yanzu kumatunsa sun fara cikowa. Da ta isa gida ta same shi a zaure yana gyara ƙotar fartanya, yana yi mata ba'a cewa ma'aikatan ofis ma ashe suna dawowa da gajiya. Ta tambaye shi sauran maganinsa, ya ce zai kai shi ƙarshen wata.

Mahaifiyarsu, Inna Atika, tana tsakar gida tana tankaɗe. Bashira ta zauna kusa da ita ta gaya mata komai da ƙaramar murya. Inna ta saurara ba ta daina tankaɗe ba, domin ta san wanda ya ɗauki baturan. Duk garin ya sani. Yayan Inna ne, Alhaji Ango, shugaban kwamitin cibiyar. Shi ya zo da mota wata safiya ya ce aro zai yi na kwana kaɗan, har nasa su iso daga Legas. Maigadi ya taya lodi. Bashira tana tsaye a bakin ƙofa a lokacin, ta buɗe baki, sai ta tuna wanda ya riƙe su bayan rasuwar mahaifinsu, wanda ya kai ta makaranta a Birnin Kebbi, wanda ya sa sunanta a wannan aikin. Ta ce masa a sauka lafiya.

"Ki tahi ki same shi," in ji Inna. "Amma da ladabi. Kuma in mutanen Birni sunka tambaye ki, ki san abin da za ki hwaɗi. Gonar da Arzika ka nomawa, ta wa ce?"

Bashira ta san gonar ta Kawu Ango ce. Inna ta ci gaba da tankaɗenta.

* * *

Sabon shagon Kawu Ango yana bakin tashar da motocin iyaka ke lodi. Ana sayar da ƙanƙara da lemo, ana cajin wayoyi. Daga inda aka shimfiɗa mata tabarma, Bashira tana hango baturan a jere bayan firji, har da tambarin ƙungiyar da aka kankare bai fita duka ba.

Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya sa aka kawo mata ruwa mai sanyi, ta riƙe ledar a hannu har yatsunta suka yi tsami. Ta yi masa bayani a hankali, cewa saba ba ta jure a yanke mata wuta tana aiki, cewa bayanan watanni sun salwanta, cewa in babu rahoto babu magani. Ya saurara yana jan casbi, fuskarsa babu fushi.

"To ɗiyata, ke da kika yi karatun abin, ba sai ki gyara ba?"

"Kawu, abin da ya ɓace ba ya gyaruwa. Ko yanzu aka maida baturan, zan iya kare abin da ya rage."

Kawu ya ce shi fa bai ci kayan kowa ba, aro ya yi. Ya ce kujerun makarantar firamare suna gidajen mutane, injin ban-ruwan ƙungiyar manoma yana gonar wani, ba a taɓa cewa sun yi sata ba. Kayan hukuma ai kayan kowa ne. Amma tun da abin ya zo da haka, kada ta damu, gobe kantar baturan za ta cika.

Ya cika alkawari. Washegari mota ta sauke batura a cibiyar, tsofaffi masu kumburarren ciki, bakinsu ya yi fari da tsatsa. Maigadi ya jera su a kan kanta ya ɗaura wayoyin da kyau. Bashira ta gwada su da mita, allurar ko motsi ba ta yi ba.

* * *

Ta yi kwanaki tana ɗinke abin da zai ɗinku. Ta ɗora tsohon kwafin kafin damina a gefe, tana gwama shi da ragowar jadawalin da ya tsira, lamba da lamba. Tsofaffin majinyata suka fara dawowa cikin rumbun, kowa da maganinsa. Amma waɗanda suka fara jinya da damina, da waɗanda aka sauya wa magani, babu inda za a samo su. Sabuwa ta zauna kusa da ita tana ƙoƙarin tunawa, tana cewa wance kamar jan ƙwaya take sha, wane kamar an ƙara masa. Bashira ta ƙi shigar da "kamar". Ta san abin da kuskuren magani ke yi wa mai tarin fuka. Duk sanda wuta ta yi ƙyaftawa sai ta miƙa hannu ga makunni.

Ranar da rahoto ya kamata ya tafi, Malam Ibrahim Khalil ya kira daga ofishin ƙungiyar. Mutum ne mai sanyin magana, shi ya horar da ita tun farko. Ta gaya masa yadda rumbun ya lalace da abin da ta ceto. Ya yaba da ta fara kwafe fayilolin kafin gyara. Sannan ya tambayi abin da take tsoro, wato yadda aka yi wuta ta yanke wa saba alhali akwai batura.

Kafin ta amsa ya ƙara da cewa yana tambaya ne don ka'idarsu a bayyane take. Inda duk aka tarar an karkatar da kayan cibiya, ƙungiya janye hannunta take yi gaba ɗaya, kuma sun yi hakan a wani gari bara.

Bashira ta dubi kantar. Ta tuna rumfar waje da mutanen cikinta. In ta faɗi gaskiya, an rufe cibiyar, Inna kuma ba za ta sake shiga gidan yayanta ba. In ta yi ƙarya, wataƙila jinkiri ne kawai.

"Baturan suna nan, Malam," ta ce. "Sun mutu ne."

"Tun yaushe?"

"An ɗan jima."

"Kuma ba ki sanar da mu ba, Bashira?"

Ta ji yadda muryarsa ta sauya, ba zuwa fushi ba, zuwa wani abu da ya fi fushi ciwo. Ya ce ba zai iya buɗe sito a kan rahoton da rabinsa ya ɓace ba. Sai an turo masu bincike, an sake gwada kowane majinyaci, an gina rumbun daga tushe. Hanya kuma ruwa ya cinye ta a wurare, motarsu ba za ta shigo ba sai damina ta ja baya. Kafin nan, ta miƙa makullin ɗakin da kalmar sirrin saba ga shugaban kwamiti, ta zauna a gida.

Da yamma ta kai wa Kawu Ango makullin. Ya karɓa ya sa a aljihu, ya ce Allah ya yi mata albarka, ta nuna ita 'yar halak ce.

* * *

Maganin Arzika ya ƙare da ƙarewar wata. Da farko bai nuna komai ba, har ya je ya cire ciyawa a fadama. Daga baya zufar dare ta dawo, sai tarin, irin mai fitowa daga can ƙasan ƙirji. Ya koma kwana a zaure don kada ya shafa wa 'ya'yansa. Bai taɓa tambayar Bashira abin da ya faru a cibiyar ba, ita kuma ta kasa gane ko bai sani ba ne ko ya sani sarai.

Wata ranar kasuwa ya hau bayan babur ya tsallaka iyaka, saboda an ce masa a can akwai mai tebur da ke sayar da maganin tari kowane iri. Ya dawo bayan la'asar, ƙafafunsa duk laka, yana numfashi da ƙyar. Ya miƙa wa Inna ƙullin leda ya kwanta.

Inna ta ɗauko faranti ta juye. Ƙwayoyi ne tsirara, ja da fari da ruwan ƙasa, wasu sun fara narkewa da damshi sun manne da juna. Guda ɗaya ce ke cikin takardarta, da rubutun Faransanci wanda rana ta kusa shafewa. Ta tura farantin gaban Bashira.

"Ke kin san su. Wacce za ya fara sha?"

Bashira ta ɗauki wata ja ta juya ta a tafin hannunta. Babu lamba a jikinta, babu suna. Daga zaure tarin ya sake tasowa, ya daɗe bai lafa ba. Inna ta zuba ruwa a moɗa ta riƙe, tana jira.