Ranar da Gumin Mu'awiyya Ya Ɗauke

Kuɗin da aka ba mutum don ya zauna a inuwa, ya halatta ya ci shi? Mu'awiyya ya yi kwana biyu yana juya wannan tambaya, ta ƙi warwaruwa.

Shekararsa goma sha ɗaya yana dafa mazarƙwaila a injin raken Alhaji Bilya da ke Gazara, daga safe har la'asar a gaban kasko. Matarsa Rahamatu ce ta sa sunansa a inshorar zafi ta ƙungiyar manoma, ba da saninsa ba. Ƙa'idar mai sauƙi ce. In zafi ya wuce kima kwana uku a jere, sai a turo wa kowa kuɗin yini a waya, da gargaɗin kada ya yi aikin tsakar rana.

Saƙon ya shigo ranar Talata. Mu'awiyya ya ce shi ba zai taɓa kuɗin ba, ba zai kuma zauna ba. Abin da bai yi wa gumi ba, ba ya shiga cikinsa.

"To maigida, ka mutu da gaskiyarka," in ji Rahamatu. "Sai mu dafa ta mu ci."

Alhaji Bilya ya san abin da kowa ya sani, ruwan rake in an matse shi ba ya jira, tsami yake yi. Saboda haka ranar Alhamis tun da sassafe ya sa aka matse duro huɗu don ya tilasta wa ma'aikata aikin rana, ya kuma ce duk wanda ya bar kaskonsa yau kada ya dawo gobe. Wannan kasko shi ke ciyar da gidan Mu'awiyya duk rani.

Wajen ƙarfe ɗaya, Ilisha, abokin aikinsa mai tura tukar rake a wuta, ya ɗago ya dube shi.

"Malam, kai da ka ce sai da gumi, ina gumin?"

Mu'awiyya ya shafa goshinsa. A bushe yake ƙamas, da zafi kamar bayan kasko. Kansa na sarawa, ludayin ya yi masa nauyi. Ya tuna bara a Likoro haka wani ya yi, ya daina gumi, bai kai magariba ba.

Har yanzu bai san amsar tambayarsa ba. Amma wata ta zo ta danne ta: jikin nan da aka ba shi amana, wa ya ce ya ƙona shi saboda duro huɗu?

Ya kwashe kaskon da ke kan wuta tas, ya zuba a kwanoni, don kada a ce ya yi ɓarna. Sannan ya kife ludayin.

"Kai Mu'awiyya! Saura duro biyu!" Alhaji ya taso daga ƙarƙashin rumfa.

"Na gani, Alhaji. Ai ba ni na ce a matse ba."

"In ka tafi, ka tafi ke nan."

"Ba tafiya zan yi ba. Zama zan yi."

Ya taka a hankali zuwa gindin mangwaro, ya kwara ruwan buta a kansa, ya miƙe ƙafa a gaban idon Alhaji. Ya zaro waya ya kira Rahamatu.

"Je ki wajen mai POS ki ciro kuɗin nan. Ki sayo ƙanƙara, da yawa, ki kawo min nan injin. Ilisha ma ga shi nan ya baro wuta, yana zuwa inuwa."