Koriyar Leda a Kan Tebur

A masana'antar da Liao Cheng-han yake aiki, can bayan garin Hsinchu, ƙananan idanun kyamara ake ƙerawa, irin waɗanda ake manna wa mota don ta ga abin da ke gabanta. Shi yana sashen gwaji. Tun da Tsoho Chiu, shugaban sashen, ya kifa kansa a kan tebur da rana tsaka bai sake ɗagowa ba, Liao ne ke riƙon ƙwarya. Riƙon ƙwarya kuwa, wanda ya taɓa yi ya sani, aikin naka ne, kujerar ba taka ba.

Darakta Tsai ya faɗa masa ba ɓoye-ɓoye: masu saye za su zo daga Jamus, in kayan wannan zubin suka fita lafiya, kujera ta zama tasa. Sai dai kafin su iso, a kwashe ledojin nan daga kan injuna, kada baƙi su ɗauka kanti suka shigo.

Ledojin gugguru ne mai kwakwa, ma'aikata na ɗora su don injuna su yi aiki ba gardama. Kowane inji da tasa, kuma dole koriya, don kore shi ne fitilar lafiya. Ba a ci, ba a bari wa'adinta ya wuce. Liao da kansa ya sha sayo su da kuɗinsa. Amma ya ce to, Maigida, ya bi layi yana tsince su cikin kwali. Ga shi watan bakwai ne, watan da ake buɗe wa matattu ƙofa, har an kafa teburin hadaya a bakin get.

Yeh Shu-fen, wadda suka fara aiki tare, ta tsaya tana kallonsa. Ta ce ko ta injin ƙarshe ya bari mana, ai Tsoho Chiu ne ya ɗora ta da hannunsa.

"Yaya Yeh, kujerar nan ba gugguru zai ba ni ita ba."

"Haka ne, ranka ya daɗe. Tun yanzu har tafiyarka ta canza."

Ranar bai samu zuwa cin abinci ba. Yana amsa waya, hannunsa ya faɗa kwalin, ya farke leda ya ci. Sai da ya karkaɗe ragowar a tafin hannu ya lura ta injin ƙarshe ce.

Akwai gwajin da suke kira na duhu. Ana rufe idon ruf, a ce ya ɗauki hoto. Mai lafiya baƙi wuluk zai nuna. Da la'asar injin ƙarshe ya fara fitar da hotuna masu ɗan haske a tsakiya, kamar hucin baki a jikin gilashi. Liao ya ƙara wa allon haske ya duba. Mutum ne zaune a kujera, kansa a sunkuye.

Aka canza wayoyi, aka sake rufe akwatin gwajin, aka kawo idanu daga wani zubin. Mutumin na nan. Washegari hotonsa ya bazu a duk injunan. Kwalin kuwa masu shara sun riga sun zubar, Liao ya zaga shaguna neman koriyar leda, masu hadaya sun kwashe, sai mai ruwan ɗorawa, launin fitilar gargaɗi. Ita kam ko mahaukaci ba ya ɗora ta a kan inji. Ya dawo hannu rabbana.

Yeh ta ce ya tsayar da zubin, ya gaya wa Darakta gaskiya. Ya ce ya gaya masa me, cewa Tsoho Chiu ya dawo aiki? Ba ta yi dariya ba. Ta ce ita ba ta ce Chiu ba ne, Chiu ai sanƙo gare shi, na cikin hoton kuwa da gashinsa.

Hasken bai kai ya kawo ba, kaɗan ne ya haura iyakar da aka yarda da ita. Iyakar kuwa a hannun shugaban sashe take. Liao ya daɗe zaune a kujerar da ba tasa ba tukuna, yana jin ƙarar injuna ta bayan gilashi. Daga baya ya ɗaga iyakar, ɗan kaɗan. Fitilu suka koma kore, layi guda.

Jamusawa suka zo, suka yaba tsabta, suka tafi. Darakta Tsai ya dafa kafaɗarsa a gaban kowa, aka raba shayi mai madara, aka sauya sunan da ke jikin ƙofa.

Bayan an watse ya buɗe hoton ƙarshe na zubin, don kawai ya tabbatar. Mutumin ya ɗago kai. Fuskar ba ta fito sosai ba, amma tabaransa ya karkace ta hagu. Liao ya kai hannu ya gyara nasa.

Da safe ya tarar da koriyar leda a kan teburinsa, sabuwa, an jingina ta da allon, daidai yadda ake yi wa inji. Ya leƙa ya tambayi wa ya ajiye. Kowa ya duƙufa kan aikinsa. Yeh ce kawai ta ɗago, ta ce a teburin Tsoho Chiu ma akan ga irinta, kuma bai taɓa tambaya ba.

Liao bai ci ba, bai kuma matsar da ita ba. Ya zauna ya fara aiki. Mutanen sashen sun ce tun daga ranar ba su ƙara jin ya yi ƙorafi ba, ba ya neman hutu, ba ya kallon agogo. Duk sanda wa'adin ledar ya kusa, sai a wayi gari an canza ta.