Wanda Ya Fara Motsi

Tana cikin ɗauraye kofinsa ta ji gidan ya yi tsit. Duk wanda ya taɓa renon ɗan shekara uku ya san irin wannan shirun ba na alheri ba ne, balle yaro irin Guguwa, wanda ko barci yake sai ya yi harbi da ƙafa. Mai reno ta saki kofin ta leƙa falo. Motarsa ta roba na kife a ƙarƙashin tebur, takalminsa ɗaya na kan kujera. Ƙofa kuwa a buɗe, ga 'yar kujerar da ya jawo ya taka ya zare sakata.

"Guguwa," ta kira, tana tausasa muryarta. "Fito, na gan ka."

Ba ta gan shi ba. Ta ɗaga labule, ta duba bayan gado, ta faɗa banɗaki inda ta bar bokiti cike da ruwa, sai da ta ga ba kowa a ciki sannan numfashinta ya dawo. Ta fita tsakar gida ko mayafi babu. Babban ƙyaure a wangale, mai kawo ruwa ya sake barin sa haka, ga titi, motoci sai wucewa suke kamar ana korar su.

"Ka ga yaron nan?" ta tambayi mai shagon bakin ƙofa.

"Sarkin gudu? Yau ko ƙurarsa ban gani ba. Ya sake kufce miki?"

Kafin ta amsa wayarta ta yi ƙara. Uwar yaron ce, daga wurin aiki.

"Ya ci abinci?"

"Ya ci, Hajiya."

"Ba ni shi mu gaisa."

"Yana wasa," in ji mai reno, idonta na kan titi.

"To ki kula min da ƙofar nan, kin san halinsa."

Ta san halinsa kuwa, fiye da uwar da ta haife shi. Tun yana rarrafe take goyonsa, ita ta san yadda yake lafewa a bayanta in ya gaji da ɓarna. Ba korar da za a yi mata ce ta dame ta ba. Tsoro take ji, tsoro tsagwaronsa, kada ta ji ƙarar birki.

Da ta juyo ne ta hango ɗaya takalmin, a ƙofar ɗakin Baba Mai Rediyo, kusa da silifas ɗin tsohon.

Baba maƙwabcinsu ne, shi kaɗai a ɗakin da ke gefen ƙyaure, yana gyaran rediyon da yanzu ba mai kawowa. Duk gidan shi kaɗai ya iya zaunar da Guguwa. Wasa ya ƙirƙiro masa: su zauna suna kallon juna, wanda ya fara motsi ya faɗi. Kullum tsohon ke faɗuwa da gangan, ko ya yi atishawa ko ya sosa hanci, ya ce, "Kai, jarumi, ka kayar da ni," sannan ya bar yaron ya murɗa rediyo son ransa. A wannan ɗan tsakanin mai reno ke samun ta shanya wanki. Kwanan nan dai tana ganin yana yawan dafe ƙirji. Da ta yi magana sai ya ce, "Tsufa ne, 'yata, ba a sayar da maganinsa."

Ta yi sallama ta ɗaga labule. Ga Guguwa kan tabarma, ya tanƙwashe ƙafa, hannuwa bisa gwiwa, gumi na bin goshinsa. Har ta buɗe baki za ta zazzage shi da faɗa. Sai ta dubi Baba.

Yana zaune a kujerarsa, kai ya ɗan karkata, tabarau ya zamo kan hanci. Rediyo na shuu a kan tebur. Ƙuda ya sauka a gefen bakinsa yana yawo, tsohon bai kore shi ba. Ta matsa a hankali ta kai yatsu wuyan hannunsa, ta daɗe tana jira. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, ta faɗa a zuci, don kada yaron ya ji.

"Anti, kar ki taɓa shi," in ji Guguwa ta tsakanin haƙora, ko leɓe bai motsa ba. "Sai ya motsa da kansa."

"Taso mu je ka sha ruwa."

Ko gezau. Yaron da ba ya iya zama a ɗaura masa takalmi, yau ya kafe kamar an dasa shi. Idanunsa sun ciko, gwiwoyinsa na rawa.

"Yau ya ƙi faɗuwa," ya ce. "Kullum ni nake ci."

Ta san in ta sure shi da ƙarfi zai tsala ihu, ya riƙe ƙafar kujerar, ya girgiza tsohon. Ba abin da take so ya tuna ke nan ba. Ta durƙusa a gefen kujerar, ta kare da jikinta. "Baba, ka yafe min," ta raɗa, ta ɗan ture gwiwar hannunsa. Hannun ya zame daga kan kujera ya sauka a cinyarsa.

"Ka gani? Baba ya motsa. Ka ci."

Guguwa ya yi tsalle. "Na ci, Baba, na ci!" Ya tsaya yana jira, hannunsa ɗaya ya riga ya kai kan rediyo. Murmushinsa ya fara ja da baya.

"Bai ce na kayar da shi ba."

"Ya gaji ne," ta ce. "Ka kayar da shi, jarumi. Hau bayana."

Ya hau ba gardama. A bakin ƙofa ta yafito mai shago, da ya dubi fuskarta sai ya cire takalmi ya shiga. Ta sunkuya da goyonta ta ɗauki ɗan takalmin. Silifas ɗin tsohon ɗaya ya kife, ta juya shi, ta jera su gefe da gefe. Yaron na lafe a bayanta, ya juya kai yana kallon labulen, bai motsa ba.